Tallafin sassabe da gyaran filayen kiwo a Amurka

Tallafin sassabe tsari ne da gwamnatin tarayyar Amurka, da wasu jihohinta, ke biyan wani kaso na kuɗin da mai gandun kiwo ya kashe wajen kau da itatuwa da ƙayoyin da suka mamaye filinsa, shi kuma ya cike sauran daga aljihunsa. A ƙarƙashinsa ake biyan kuɗin shinge da bututun ruwa da kwamin shayar da dabbobi da shuka ciyawa. A yau yawancin kuɗin na fitowa ne ta shirin EQIP, wanda NRCS, hukumar kare albarkatun ƙasa ta Ma'aikatar Noma, ke gudanarwa.

Asalin matsalar

Galibin filayen kudanci da yammacin Texas fagen ciyawa ne a da, itatuwa jefi-jefi. Daga wajajen ƙarshen ƙarni na 19 lamarin ya soma sauyawa. An jibge shanu da tumaki fiye da abin da ƙasa za ta ɗauka, an kewaye filaye da waya mai ƙaya, an kuma hana gobarar daji wadda a da take ƙone ƙananan itatuwa tun suna tsiro. Da ciyawa ta ja baya, sai itace ya samu fili.

Itatuwa biyu ne aka fi kuka da su, meskit da junifa, wadda itace ce da ganyenta ke zama kore duk shekara. Meskit ɗan uwan kirya ne, mai ƙaya, mai saiwa mai nisa. Shanu na son kwansonsa saboda zaƙi, ƙwayar kuma takan fito lafiya lau a cikin kashinsu ta tsira inda ta faɗi. Wato dabbar da itacen ke hana wa ciyawa ita ce mai shuka shi. Idan aka sare shi daga sama, idanun da ke gindinsa ƙarƙashin ƙasa sukan yi toho, itace mai kara ɗaya ya dawo da rassa barkatai. Wani nau'insa da aka shigo da shi Sudan da yankin Tafkin Chadi don tare hamada ya nuna irin wannan hali a can.

Tarihi

Tushen tsarin shi ne fari da guguwar ƙurar shekarun 1930. Ranar 14 ga Afrilu, 1935, wata gagarumar ƙura ta rufe sassan Oklahoma da Texas, kafin watan ya ƙare kuwa Majalisa ta kafa Hukumar Kare Ƙasar Noma, Hugh Hammond Bennett na shugabancinta. A Janairun 1936 Kotun Ƙoli ta soke dokar da gwamnatin Franklin Roosevelt ke biyan manoma da ita don su rage noma. Gwamnati ba ta yi wata-wata ba, ta sake wa biyan riga: yanzu za a ba manomi kuɗi ne saboda ya kare ƙasarsa daga zaizaya. Daga nan aka samu shirin ACP, wanda ya yi shekara 60 yana aiki, kuma kwamitocin manoma na ƙananan hukumomi ne ke da babbar murya kan ayyukan da za a biya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sassabe ya koma aikin inji. Hanyar da ta fi shahara ita ce jan sarƙa. Akan samo tsohuwar sarƙar anga ta jirgin ruwa, a ɗaura bakinta ɗaya a katafila, ɗayan a wata, su jera suna tafiya tana tumɓuke duk abin da ke tsakaninsu. Wani lokaci sukan juyo su sake bi ta kan abin da suka kayar. Akwai kuma garmar saiwa, wata faffaɗar wuƙa da katafila ke ja ƙarƙashin ƙasa ta datse meskit ƙasa da wurin tohonsa. Ta fi tsada, ta fi kashe itacen, amma takan birkice ƙasa har sai an sake shuka ciyawa. Kusan a wannan lokacin, ƙarshen shekarun 1940 ko farkon na 1950, aka fara feshin wani maganin kashe itatuwa mai suna 2,4,5-T da jirgin sama. Yana da araha, sai dai sau da yawa saman itacen kawai yake kashewa. An taƙaita amfani da shi a 1979 saboda gubar dayoksin da ke cikinsa, aka haramta shi baki ɗaya a 1985.

Farin shekarun 1950, wanda ya daɗe kusan shekara bakwai a Texas, shi ya haifar da shirin GPCP a 1956, na jihohi goma na tsakiyar ƙasar. Bambancinsa da ACP shi ne ba aiki ɗaya ake biya a wuce ba. Mai gandu kan sa hannu a yarjejeniyar shekara uku zuwa goma da ta haɗa filinsa duka, har da yawan dabbobin da zai saka da lokacin da zai bar wani sashe ya huta. Wannan ya taɓa ainihin ciwon, domin filin da aka sassabe aka sake cika shi da shanu ba ya jimawa yake komawa gidan jiya. Rahotannin Hukumar Kare Ƙasar Noma kanta na shekarun 1960 sun nuna duk da aikin da aka yi, sarƙaƙiya na ƙara yaɗuwa a Texas.

A 1994 aka sauya wa hukumar suna zuwa NRCS. Dokar noma ta 1996 ta haɗe ACP da GPCP da wasu shirye-shirye biyu suka zama EQIP.

Yadda ake biya

Mai gandu kan kai takardar nema ofishin hukumar na yankinsa, jami'i ya zo ya zaga filin, su tsara aiki tare. Ana jera masu nema bisa maki, don ba kowa ke samu ba. Kason gwamnati kan kai kashi 75 cikin 100 na kuɗin da aka ƙiyasta, ya kai 90 ga sababbin manoma da masu ƙaramin ƙarfi da tsofaffin sojoji. Yawanci sai an gama aiki an duba kafin a biya. Dokar noma ta 2018 ta ware aƙalla rabin kuɗin shirin ga harkar dabbobi, ta kuma ƙayyade dala 450,000 ga mutum ɗaya a tsawon wa'adinta.

Shirin jihar Texas

Texas ta kafa nata shirin a 1985, amma sai 1999 aka ba shi kuɗin a-zo-a-gani, aka fara da yankin kogin North Concho kusa da San Angelo. Hujjarsa ita ce itatuwan na shanye ruwan da ya kamata ya gangara koguna. A 2011 aka sauya masa suna don nuna cewa samar da ruwa ne manufarsa.

Saɓani

Ba kowa ne ya yarda da batun ruwan ba. Binciken Bradford Wilcox na Jami'ar Texas A&M ya nuna a yankuna masu ƙarancin ruwan sama sassabe ba ya ƙara wa koguna wani abin kirki. Masu kare namun daji na nuni da wani ɗan tsuntsu mai rawayan kumatu da ba ya hayayyafa ko'ina sai tsakiyar Texas, yana saƙa sheƙarsa da ɓawon tsofaffin junifa, wato sare su na lalata masa mazauni. An sa shi cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a 1990. Wasu kuma na ganin kuɗin jama'a ne ake zubawa a filin mutum ɗaya.

Halin yanzu

An rage jan sarƙa, an fi karkata ga yanka da inji, feshin itace ɗai-ɗai, da cinna wuta da gangan bisa tsari. Tun 2010 wani kaso na kuɗin EQIP na tafiya ga sare junifa a jihohin yamma irin su Oregon, domin kare mazaunin wata kazar daji da ke guje wa duk filin da itatuwa suka tsaya.