Waiwaye: Ƙarin Gaban Kunne da Ke Shigar Burtu a Gwajin Allura

Idan kumburi ya fito a gaban kunne, a Bauchi da Gombe hangum ake fara cewa. Hangum kan sace cikin mako biyu. Wanda ya shekara yana girma a hankali ba ciwo, galibi ƙari ne a tsokar da ke samar da yawu, wadda likitoci ke kira farotid. Kusan kashi 80 cikin 100 na irin wannan ƙari ba daji ba ne.

Zuƙo ƙwayoyin ƙari da allura, don a gane ko daji ne, ya samo asali a 1930, wajen Martin da Ellis a birnin New York. Likitocin asibitin Karolinska a Suwidin suka inganta shi da siririyar allura a shekarun 1950 da 1960. Yau allura mai lamba 23 zuwa 25 ake sawa, a shafa abin da aka zuƙo a gilashi, a rina, a duba.

Inda gizo ke saƙa shi ne allura ba ta ɗauko bakin ƙari, alhali can ake gane ko ya kutsa naman gefensa. Pleomorphic adenoma, wanda ya fi yawa, idan ƙwayoyinsa suka cunkushe, da basal cell adenoma, ƙari ne biyu da ba daji ba, amma duk sukan nuna ƴan dunƙule-dunƙule masu sheƙi irin na dajin adenoid cystic. Ƙarin Warthin, da aka raɗa wa sunan likitan da ya bayyana shi a 1929, shi ma ba daji ba ne, ya fi kama dattawa mashaya taba. Cikinsa ruwa ne mai datti da matattun ƙwayoyi, sai a ɗauka daji ne mai ruɓewa. Wani lokacin ma allurar farko ce ke kashe ƙwayoyin, gwaji na biyu ya ƙara ruɗewa.

Kuskuren ba ƙarami ba ne, domin jijiyar da ke motsa fuska ta cikin farotid ta ratsa. Aka yanke ta bisa zaton daji, baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa.

Tsarin Milan na 2018, wato tsarin rubuta sakamakon wannan gwajin allura, wanda aka sabunta a 2023, ya kasa sakamako gida 6, a ɗaya daga ciki akwai rukunin "ƙari ne, amma ba a tantance halinsa ba". Mai irin wannan takarda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi ko na Tarayya da ke Gombe, tiyata ce ke gabansa: a cire ƙarin da naman kewayensa, a tsare jijiyar, a kai tsokar ɗakin gwaji a yanka a duba bakinta.