Me ake nufi da "bayin masta na salon maza"?

Kwanan nan in ka shiga shagunan tayil a Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja sai ka ji mai saye yana nuna hoto a waya yana cewa irin wannan nake so, na salon maza. Bayin masta dai shi ne banɗakin da ke cikin babban ɗakin kwana, wanda ba sai ka fito falo ba kafin ka shiga, a gidajenmu galibi na turakar maigida kenan. Shi kuma salon maza tsari ne na ƙawata shi da launuka masu duhu, baƙi da ruwan toka da ruwan ƙasa, a ɗan sa katako ko dutse, famfo da shawa baƙaƙe marasa ƙyalli, babu furanni babu tarkace. Suna ne kawai fa, mata da yawa ma shi suke zaɓa.

Abin da mutane ke kasa ganewa shi ne ba baƙin launin ne salon ba, ƙarancin kaya ne da miƙaƙƙun layuka. Shi ya sa ake cire baho a sa shawa da gilashi ɗaya tal, a sa manyan tayil irin masu santimita 60 da 120 don layin haɗi ya ragu, tankin masai a ɓoye shi cikin bango kamar yadda kamfanonin Geberit da Grohe ke yi, sabulu ma sai a huda masa ɗan gurbi a bango. To duk wannan aikin cikin bango ne da ƙarƙashin ƙasa, kuma nan kuɗin ya kamata ya fara tafiya. Dole a shafa maganin hana ruwa ratsawa kafin tayil, ƙasa ta gangara wajen magudana kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, in ba haka ba ruwa ya kwanta, wata uku bangon ɗakin kwana ya fara kumburi fenti na ɓarewa, ga wari.

Sai maganar ruwanmu. Ruwan bohol a wurare da yawa yana da sinadarin kalsiyam, in ya bushe sai ya bar farin tabo, kuma a kan baƙin famfo da gilashi wallahi daga bakin ƙofa kana hango shi, ga ƙurar hunturu ita ma ba ta ɓuya a baƙi. Kuma ba a wanke irin famfon nan da abin wanki mai asid ko soson ƙarfe, fentin zai tashi, tsumma mai laushi da ruwan sabulu ne maganinsa. Ni dai ina ganin ruwan toka mai ɗan duhu ya fi mana baƙi wuluk, baƙin a bar shi a bango ɗaya da kan famfo.

Babbar shawar nan ta sama mai zubo ruwa kamar ana ruwan sama tana son ƙarfin ruwa, tankin da ke tsayin mita 10 ne ke ba da bar 1 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa), tankin da ke kan ƙarfe mita 4 kuwa ko rabi bai kai ba, don haka sai an haɗa da injin ƙara ƙarfi, in ba haka ba ɗiga kawai za ta riƙa yi. Duhun bango yana shanye haske, a bar taga, a sa fitila a gefen madubi don aski, a tuna ranar da babu wuta. Tayil ɗin ƙasa ya zama mai kaushi, a tambayi mai lamba R10 ko R11 saboda santsi.

Hotunan da ake kwaikwayo yawanci na Turai da Amurka ne, ba su san buta ba. Ka ce wa filamba ya sa maka ɗan famfo a ƙasa don alwala da wanke ƙafa, da abin fesa ruwa kusa da masai, kuma tun kafin a fasa ƙasa a duba kada masan ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, don in an riga an binne bututu gyaran sai an sake fasa tayil.