Shugabancin Ikilisiya da Zaman 'Yan'uwa: Tambayoyin da Ake Yi a Harabar Majami'a a Katsina

In an tashi daga sujada ranar Lahadi, ba kowa ke wucewa gida ba. A gindin bedi, kusa da inda aka jera babura, ake yin zancen da ba a yi a kan mumbari. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawowa.

Wane ne shugaban ikilisiya, Fasto ko dattawa?

Wasiƙar Kolosiyawa 1:18 ta ce Almasihu ne kan ikilisiya, don haka duk mai riƙe da wani aiki a cikinta amana aka ba shi. Tsarin riƙon ne ya bambanta. Ɗarikar ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954 daga aikin ƙungiyar mishan ta SIM, Fasto da zaɓaɓɓun dattawa ne ke tafiyar da kowace majami'arta, sama da su akwai majalisar majami'un yanki (LCC) da ta gunduma (DCC), har zuwa hedkwata a Jos. Katolika da Angilikan kuwa Bishop gare su. A 2023 Fafaroma Francis ya yanko Dayosis ɗin Katsina, wato yankin da Bishop ke riƙo, daga na Sakkwato, ya ba Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, riƙonsa.

Abin lura shi ne, a Ayyukan Manzanni 14:23 dattawa Bulus da Barnaba suka naɗa a kowace ikilisiya, ba mutum ɗaya tilo ba. Mu kuwa a ƙasar sarauta muka tashi, mun san rawani da fadanci, shi ya sa ba wuya mu mai da Fasto hakimi, dattawa su koma 'yan "ranka ya daɗe". Girmamawa ba laifi ba ce. Amma a Markus 10 Yesu ya faɗa wa almajiransa cewa masu mulkin al'ummai suna nuna wa mutanensu iko, ba haka zai zama a tsakaninku ba, mai son girma ya zama bara.

To, me ake dubawa kafin a zaɓi dattijo?

Ka buɗe 1 Timoti 3 ka karanta a hankali. Marar abin zargi, mijin mace ɗaya, mai kamun kai, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mai saurin hannu ba, ba mai son kuɗi ba. A duk jerin nan gwaninta ɗaya ce tak aka nema, iya koyarwa. Sauran duk hali ne. Ba a ce mai digiri ba, ba a ce wanda ya sayi kwanon rufin majami'a ba.

Sharuɗɗa biyu ne muka fi tsallakewa. Na farko gida: wanda bai iya riƙe gidansa ba, yaya zai kula da ikilisiyar Allah? Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya, ta fi kowa sanin wannan amsa, domin su ke ganin matar da ta zo taro ido a kumbure tana cewa ƙofa ce ta buge ta. Na biyu, a ce waɗanda suke waje suna shaidarsa da alheri. A Katsina "na waje" ba ɓoyayyu ba ne. Maƙwabcinsa Musulmi ne, da mai shagon da yake karɓar bashi a wurinsa, da ɗan ƙwadagon da ya yi masa noma. In mai shago ya ji sunan ɗan takara ya yi tsaki, ikilisiya ta dakata tukuna.

Ba rashin bangaskiya ba ne a tambayi inda baiko, wato abin da ake bayarwa a majami'a, ya tafi?

Ko kusa. Lokacin da Bulus yake tattara gudummawa don matalautan Urushalima, bai rungumi jakar shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8 ya ce ikilisiyoyi sun zaɓi wani ɗan'uwa ya yi tafiyar tare da su, don kada kowa ya sami abin zargi, yana so al'amarin ya yi kyau a gaban Ubangiji da gaban mutane duka. In manzo ya nemi shaida a kan kansa, wane ne ma'aji da zai ji haushi?

A aikace abin ba wuya. A juye kwandon baiko a kan tebur a gaban mutum uku, a miƙe tsofaffin ɗari biyu-biyu da suka sha gumi, a rubuta, kowa ya sa hannu. Ranar godiyar kaka a ƙauyukan Malumfashi da Kafur, inda baikon buhun masara ne da damin dawa da zakara ɗaure da igiya, a ƙidaya su a idon jama'a kafin su shiga ɗakin ajiya. Gefe guda kuma, ikilisiyar da ke bin Fastonta da tambayar kuɗi alhali ta yi wata uku ba ta biya shi albashi ba, ita ma ta karanta 1 Timoti 5:18, inda aka ce ma'aikaci ya cancanci ladansa.

Sujadar Hausa daban, ta Turanci daban. Wannan ba rabuwa ba ce?

Nan ne gizo ke saƙa. A majami'a ɗaya a cikin birni za ka ga Bahaushe daga Malumfashi, da mutumin Kudancin Kaduna, da Ibo ɗan kasuwa, da Bayarabe, da 'yan bautar ƙasa da ba su jin ko "sannu". Raba sujada don kowa ya ji Maganar Allah da harshen da yake fahimta daidai ne, don haka ne ma aka buga Littafi Mai Tsarki cikin Hausa tun 1932. Ɓarakar tana farawa ne ranar da wani sashe ya ga kullum shi ake ba lokacin da rana ta take, ko kuma ba nasa ko ɗaya a cikin dattawa.

Wannan ciwo tsoho ne. A Ayyukan Manzanni 6, masu bi da ke magana da Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce "ku yi shiru, kuna raba ikilisiya" ba. Sun tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida. Ka duba sunayen, su Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, duka bakwai sunayen Helenanci ne. Wato ɓangaren da ya yi kuka shi aka damƙa wa ludayin. Ni dai a ganina, duk kwamitin da zai zauna a kan rikicin ƙabila ya fara karanta wannan sura kafin ya buɗe baki.

In shugaba ya yi laifi fa?

Matiyu 18 ya shimfiɗa hanya: ka same shi ku biyu, in bai ji ba ka zo da mutum ɗaya ko biyu, sannan a kai wa ikilisiya. Ba a ce a fara da guruf ɗin WhatsApp ba. 1 Timoti 5:19 ya hana karɓar ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, amma aya ta gaba ta ce wanda ya nace da zunubi a tsawata masa a gaban kowa. Bencin horo, inda ake zaunar da wanda ikilisiya ta hukunta, ba na yarinyar da ta yi ciki kaɗai ba ne.

Ɗariku sun yi yawa. Ina ɗayantakar?

Yesu ya yi addu'a a Yahaya 17 cewa masu binsa su zama ɗaya, Bulus kuma ya tsawata wa Korantiyawa da ke cewa "ni na Bulus ne, ni na Afolos ne". Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, da aka kafa a 1976, rumfa ce ta haɗuwa. Amma an fi gane ɗayantaka ranar jana'iza, in ɗan Baftis ya kama gawar ɗan Katolika bai tambayi katin ɗarikarsa ba.

Yaya mai bi zai zauna da aminci a garin da mafi yawan jama'a Musulmi ne?

Romawa 12:18 ta ce, in mai yiwuwa ne, iyakar ƙoƙarinku, ku yi zaman lafiya da kowa. Irmiya 29:7 ya umarci waɗanda ke zaman baƙunta a Babila su nemi lafiyar birnin, su yi masa addu'a, balle mu da yawancinmu nan aka binne cibiyarmu. A shekarun 1930, aikin mishan a kusa da birnin Katsina da wankin gyambon kutare ya kafu, a Babbar Ruga. Na yau bai wuce irin wannan ba: mudunka ya cika a kasuwa, ka je ta'aziyya da suna, kada lasifikar majami'a ta hana unguwa barci. In maƙwabci ya aiko da naman layya ka karɓa da godiya, ranar Kirsimeti kuma yaranka su kai masa shinkafa da kazar da shi ka kira ya yanka.