Daga tsohon babur zuwa kafe-resa: amsoshin tambayoyin matasan Katsina

Tun da hotunan waɗannan babura masu gajeren baya da ƙanƙanen sit suka fara yawo a Instagram da TikTok, makanikan Katsina ke samun samari da waya a hannu suna cewa, "Oga, irin wannan nake so a mayar mini da nawa." Aikin mai yiwuwa ne, kuma muna da masu hannun yin sa. Sai dai hoto ba ya nuna ƙurar hunturu, ba ya nuna ramukan unguwa. Ga tambayoyin da suka fi yawa a kai.

Wai mene ne kafe-resa, kuma daga ina ya samo asali?

Daga Ingila ne, a shekarun 1950 zuwa 1960. Samarin Landan masu ƙaramin ƙarfi sukan taru a shagunan shan shayi na bakin hanya, wanda ya fi suna shi ne Ace Cafe da ke kan titin North Circular, wanda aka buɗe tun 1938. Daga wannan shago sai su yi tsere zuwa wancan. Burin kowa shi ne baburinsa ya kai mil 100 a awa, wato kusan kilomita 160. Ba su da kuɗin sayen baburan tsere irin waɗanda suke gani a gasar tsibirin Isle of Man, don haka sai su ɗauki Triumph ko BSA ko Norton ɗinsu na zuwa aiki, su cire duk abin da ke ƙara nauyi, su saukar da kan babur ƙasa, su mayar da matakin ƙafa baya, su sa sit na mutum ɗaya mai ɗan tozo a ƙarshe. Wasu har haɗa biyu suke yi: injin Triumph a cikin shasin Norton, su kira shi Triton.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, wannan babur ragewa ake yi, ba ƙarawa ba. Mu a nan mun saba da kwalliyar ƙari: fitilu kala-kala, geza, sitika, hon mai kukan mota. Kafe-resa ya bi ta wata hanya dabam. Kyansa yana cikin abin da aka cire.

Wane tsohon babur ne ya fi dacewa a nan?

In ka tambaye ni, Honda CG125. Kamfanin ya fito da shi a 1975, kuma da gangan aka ƙera shi don ƙasashe irin namu, inda mai babur kan daɗe bai canza baƙin mai ba. Injinsa mai sauƙi ne, duk makanikin da ke Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa zai kwance shi ya mayar ba tare da ya tsaya tunani ba. Wani abin daɗin kuma, baburan Sin da yawa da ke kasuwa kwaikwayon injinsa aka yi, saboda haka fistin da ringi da gaskit ba sa wuyar samu.

Sai Honda CD200, wanda iyayenmu ke kira Roadmaster. Silinda biyu ne, sautinsa ya fi daɗi, kuma jikinsa ya fi cika ido. Amma kayansa sun yi ƙaranci, za ka iya yin makonni kana cigiyar abu guda. Akwai kuma masu hayaƙi irin su Suzuki A100 da Yamaha RX, marasa nauyi masu zafin tashi, sai dai su ba a wasa da salansarsu, domin siffar salansar tana cikin abin da ke ba injin ƙarfi. Ka yanke ta, ka kashe baburin.

Wata magana da ba na so in wuce ta: idan ka samu Roadmaster ko tsohuwar CD175 da take cikakkiya, fentinta na kamfani, komai nata na asali, don Allah kada ka sa mata zarto. Irin waɗannan ƙarewa suke yi. Gyara ta yadda take. Wanda za a yanka shi ne wanda ya riga ya sha jiki, aka jingine shi a zaure ko bayan gida shekara da shekaru.

Me zan duba kafin in biya kuɗi?

Takardu tukuna. Kowa ya san halin da jihar nan ta shiga game da babura da matsalar tsaro, har ta kai a 2021 gwamnati ta hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanchi. Babur marar rasit, ko wanda aka goge lambar shasinsa ko ta injinsa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. A rubuta takardar ciniki, da shaidu, a kwafi lambobin nan biyu a ciki.

Bayan nan sai shasi. Tsaya daga baya ka hango tayoyin biyu, su kasance a layi ɗaya. Duba wuyan babur, wurin da kai yake juyawa, ko akwai tsohuwar walda ko tsaga. Injin da ya mutu ana tayar da shi, amma shasin da ya karkace ciwon kai ne har abada. Taka kik da ƙafa a hankali: in ka ji yana turjewa, da sauran matsi a cikin silinda, in ya tafi salab, akwai aikin ringi ko bawul a gaba. Buɗe tanki ka haska da fitilar waya ka ga yawan tsatsa.

Da me ake fara aiki?

Da inji, da birki. Nan ne samari da yawa ke ɓata kuɗinsu: su fara da fenti da sit, babur ya yi kyau kamar ango, ranar fita ya ƙi tashi, makanike ya zo da sifana ya kankare sabon fentin.

Ka tayar da baburin yadda ka same shi, ka hau shi na ɗan lokaci, ka san ciwonsa. A zuba sabon baƙin mai, a wanke 'yar ragar tace mai da ke ƙasan inji, a saita bawul, a kwance kafireta a wanke ta tas, a sa sabon fulogi. A canza sarƙa da haƙoranta gaba da baya a tare, domin sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa. A duba boris ɗin ƙafafu da na wuya. Yawancin tsofaffin nan birkin ganga ne da su, don haka a sa sabon takalmin birki da sabuwar waya. Taya kuma tana da ranar haihuwa: akwai lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta daɗe a shago cikin zafin Katsina tana iya zama da zanenta cif, alhali robar ta bushe.

Sai an gama wannan ne za a kwance komai, a ɗauki hoton kowane sashe kafin a cire shi, a zuba notuna a gwangwanaye dabam-dabam da rubutu a jiki.

Ina sirrin wannan siffa da ke ɗaukar ido?

Layi ɗaya ne miƙaƙƙe. Ka ɗaura zare daga ƙasan tanki zuwa ƙarshen sit, ya tafi sambal, daidai da ƙasa. Duk abin da ke saman zaren nan, wato tanki da sit da tozo, ya zauna a kansa. Tozon bai kamata ya wuce tsayin tanki ba, kuma ƙarshen sit kada ya zarce tsakiyar tayar baya da yawa. In aka samu wannan, ko fentin bai yi tsada ba baburin zai yi kyau. In aka rasa shi, duk kuɗin da aka zuba ba zai ɓoye ba.

Kafin mai walda ya taɓa ƙarfe, a yanka kwali a gwada siffar sit ɗin, a ja da baya a kalla daga nesa. Idan an gamsu, sai a yanke jelar shasi, amma daga bayan inda shokozoba take ɗaure, ba gabansa ba. A lanƙwasa bututu mai kaurin na shasin a rufe bakin, a zura ɗan guntun ƙarfe cikin mahaɗar kafin a yi walda don ta yi ƙarfi. Ga wurin da ake yawan mantawa: tayar baya tana hawa sama idan an faɗa rami. A cire shokozoba, a ɗaga tayar zuwa iyakar inda za ta kai, a tabbatar ba ta taɓa ƙasan sit ba. Wanda bai auna wannan ba, ranar da ya taka rami da gudu taya za ta cije, kuma ba a fatan ganin abin da zai biyo baya.

Ƙasan sit ɗin, masu ƙira da masu gyaran bodin mota za su buga maka shi da falange. Soso da fata kuwa, ai gida aka zo. Dukawanmu da masu ɗinkin kujerun mota za su yi maka ɗinkin da ya fi wanda ake odarsa daga waje, kuma jar fatar nan tamu a kan baƙin tanki abin kallo ce.

Maganar tanki: ba a kusantar da wuta ga tankin da ya taɓa shan fetur sai an wanke shi sosai an cika shi da ruwa. Tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa, ko da tankin ya yi wata a bushe.

Kan babur fa? Dole ne sai an saukar da shi ƙasa sosai?

Ba dole ba ne. Na asali guntaye biyu ne da ake ɗaurewa a jikin ƙafafun gaba, wato ƙarafan nan biyu da ke riƙe da tayar gaba, mahayi ya kwanta a kan tanki. A kan kwalta mai kyau, kamar an miƙi hanyar Mashi zuwa Daura, akwai daɗi. A cikin gari kuwa, tsakanin Keke Napep da 'yan acaɓa da masu tura baro a bakin Babbar Kasuwa, wuyan hannu da ƙugu ne za su faɗa maka gaskiya. Na fi ba da shawarar miƙaƙƙen kai mai ɗan sauka kaɗan. Duk wanda aka zaɓa, a juya shi dama da hagu har ƙarshe a ga bai matse yatsa da tanki ba, kuma wayar totur ba ta ja da kanta. In an mayar da matakin ƙafa baya, a lura kada ya tare hanyar kik.

Na ga ana cire akwatin iska a sa ƙaramar matata a bakin kafireta. In yi?

A Katsina? A'a. Waɗanda ka gani a hoto ba su san watan da ƙura ke rufe rana ba. Ƙananan matatun nan masu araha ba sa tare lallausar ƙura, ita kuwa in ta shiga silinda aikin samfefa take yi wa ringi da fistin. Kafin hunturu biyu inji ya fara shan mai yana hayaƙi. Ban da haka, iska takan yi yawa fetur ya yi kaɗan, inji ya riƙa zafi fiye da kima, a garin da dama zafinsa kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Ka bar akwatin, a yi masa baƙin fenti ya ɓace wa ido.

In ka canza salansa, dole a sake saita kafireta, wani lokaci har a canza jet, wato ɗan notin nan mai huji da fetur ke bi ta cikinsa. Fulogi ne zai ba da labari: bakinsa in ya yi ruwan ƙasa, lafiya, in ya yi fari fat, fetur ya yi kaɗan, kuma wannan ne mai kashe inji, in ya yi baƙi da toka, fetur ya yi yawa. Salansar ma a bar mata abin rage ƙara a ciki. Muna zaune ne cikin mutane, akwai masallaci, akwai marar lafiya, akwai jariri mai barci.

Me kuma bai kamata a cire ba?

Murfin sarƙa. Turawan da suka ƙirƙiro wannan salo matsattsen wando da rigar fata suke sawa. Mu kaftani muke sawa, ranar Juma'a har da babbar riga, kuma kowa ya san abin da sarƙa ko sifok ke yi wa bakin riga. Madgad na gaba ma a rage masa tsawo kawai, domin ƙarfensa yana taimakawa wajen riƙe ƙafafun gaba biyu tare. Fitilar gaba, ta birki, sigina, madubi, hon da lamba duk su zauna, ko da ƙanana ne, in ba haka ba kai da 'yan Road Safety da KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar nan, kullum. Idan tsohon babur ne mai batir na bolt 6, a mayar da shi na bolt 12 don fitila ta yi haske, a kuma sake wayarin gaba ɗaya maimakon a yi ta ɗaure-ɗaure da salatif. In an canza launi, a je a gyara a takarda.

Zai yi gudun mil 100 ɗin nan?

Ba zai yi ba. CG125 ƙarfinsa bai wuce doki 11 ba, in ya kai kilomita 100 a awa ya yi ƙoƙari. Rage nauyi zai sa ya fi saurin tashi da daɗin juyawa, shi ke nan. Kuma birkin ganga da siraran tayoyi ba a yi su don fiye da haka ba. A sayi hular kwano ta kirki a cikin kuɗin aikin tun farko, ba sai abin da ya rage ba.

Nawa zai ci, kuma in na tashi sayarwa zan mayar da kuɗina?

Farashi yana canzawa kusan kowane wata, don haka lissafin da ya fi amfani shi ne wannan: gyara da kaya sukan ci fiye da kuɗin da aka sayi baburin. Abin da babu a Katsina sai an aika Kano, wani ma sai Nnewi ko Legas. 'Yan gwangwan kuma abokan tafiya ne, a wurinsu ake tsintar tsohon tanki mai kyan siffa da kuɗi kaɗan.

Mayar da kuɗi kuwa da wuya. Kasuwarmu babur mai ɗaukar mutum biyu da buhu take so, kai kuma ka mayar da naka na mutum ɗaya. Wanda babur ɗaya gare shi, da shi yake kai yara makaranta da uwargida asibiti, ya sa a yi masa dogon sit shimfiɗaɗɗe, da tozon da ake ɗaurewa da noti biyu, a cire shi duk ranar da za a ɗauki wani.