Waiwaye: Yadda makarantar 'ya'yan talakawa ta Harrow ta koma ta masu hannu da shuni

Tun ranar 1 ga Janairun 2025, da aka ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu a Birtaniya, gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na cewa an takura wa iyaye, wasu kuma na tambayar dalilin da za a riƙa kallon makarantar da kuɗinta ya haura fam 50,000 a shekara a matsayin gidauniyar taimako. Makarantar Harrow, da ke kan wani tudu a arewa maso yammacin Landan, na cikin waɗanda ake yawan buga misali da su. Sai dai rigimar ta girmi kakannin masu yin ta.

Farkon labarin sananne ne. Wani manomi mai wadata, John Lyon, ya samu izinin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a 1572 don kafa makarantar da za ta koyar da yara 30 na talakawan yankin kyauta. Ya rasu a 1592, ginin bai buɗe ba sai 1615. Daga baya Winston Churchill da Jawaharlal Nehru da Sarki Husaini na Jodan duk sun yi karatu a can.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wata 'yar ƙofa da ke cikin dokokin makarantar. An yarje wa shugabanta ya karɓi “baƙi”, wato yaran da ba 'yan yankin ba, su biya kuɗi, muddin hakan bai tauye 'yan gida ba. Niyyar ba ta da laifi, malami ma sai ya ci zai koyar. To amma karatun Latin ne da Girkanci, kuma manomi ko maƙeri da ke son ɗansa ya iya lissafi da rubuta wasiƙa, me zai yi da waƙoƙin Rumawa? Sannu a hankali baƙi suka yi ta ƙaruwa, kuɗinsu ya zama shi ne abin dogaro, 'yan gida kuwa suka yi ta ja da baya. Ɗan talakan da ya daure ya shiga sai ya tsinci kansa saniyar ware a cikin 'ya'yan manya.

Mutanen gari ba su yi shiru ba. Sun kai ƙara, suna neman a rage baƙi a mayar da makarantar kan manufarta ta asali. A 1810 aka yanke hukunci cewa karɓar baƙi bai saɓa wa dokokin Lyon ba. A ganina nan ne zance ya ƙare, duk abin da ya biyo baya cike gurbi ne kawai. Har ma wani abin mamaki ya ɓullo: iyalai masu asali amma aljihu ya yi rauni suka riƙa tarewa a Harrow don 'ya'yansu su ci gajiyar gurbin 'yan gida. Gurbin yana nan, masu shi ne suka canza.

Saboda haka lokacin da aka kafa kwamitin binciken fitattun makarantu tara, ciki har da Harrow, a 1861, aka kuma yi dokar gyara tsarin irin waɗannan makarantu a 1868, an tarar da aikin gama ya riga ya gama. Maslahar da aka samu ita ce a buɗe wa 'yan gari wata makarantar daban a gangaren tudun a 1876, aka sa mata sunan John Lyon. Haka aka yi a 1878 a garin Rugby, wanda shi ma ke da irin wannan makaranta.

Yau Harrow na bai wa wasu ɗalibai tallafin karatu, kuma dukiyar da Lyon ya bari don gyaran hanyoyin zuwa Landan ta koma gidauniyar da ke taimakon yara da matasa a wasu unguwannin birnin. Ita kuwa makarantar 1876, wadda aka gina domin 'yan gari, yanzu ta kuɗi ce, kuma harajin 2025 ya hau kanta ita ma.