Masu taka sayyada cikin daji: wa ke saukar da su, wa ke ja musu gaba?

Wani ƙanena direba ne a nan Tawa. Ran nan muna shan shayi a fada ya miƙo min waya, ga Turawa da jakunkuna a baya suna ta hawan dutse, ya ce, "Yaya, waɗannan me aka yi musu?" Daga nan tambayoyi suka ɓarke. Ga su, da abin da na amsa masa.

Da gaske akwai mai kuɗin mota da zai zaɓi tafiyar ƙasa wata da watanni?

Akwai, kuma ba kaɗan ba. A gabashin Amurka akwai hanyar ƙafa da ke bin duwatsun Apalashiya, tsawonta kusan kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14 daga Jojiya har zuwa Maine. An gama shata ta a 1937. Mai son ya ƙure ta a tafiya ɗaya yakan yi wata biyar zuwa bakwai. Ba fatauci ba ne, ba gudun hijira ba, sha'awa ce kawai.

To ina abincin talaka a ciki?

A gefen hanya yake. Ba mai iya saɓa guzurin wata shida a kafaɗa, don haka duk bayan ƴan kwanaki sai matafiyi ya gangaro gari. A nan yake buƙatar inda zai yi wanka da wanki, ya sa wa wayarsa caji, ya kwana a kan katifa. Yana buƙatar mai mota da zai ɗauko shi daga bakin daji, gobe kuma ya maida shi daidai inda ya tsaya. Wasu masaukan har ajiye wa mutum ƙunshin abincin da ya aiko ta gidan waya suke yi. Da na zo nan sai ƙanen nawa ya yi dariya ya ce ai wannan fatoma ne. Gaskiyarsa. Kakanninmu da ke saukar da fatake a zango, su ajiye musu kaya, su nema musu ciyawar dabbobi, wannan sana'ar suka yi.

Mu a Nijar muna da inda ake irin wannan tafiya?

Abzin. Dutsen Bagzam, inda tsauni mafi tsawo a ƙasar nan yake, mita 2,022, da lambunan Timiya masu lemo da rumman, da Iferwan, da zanen raƙuman dawa waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a kan dutse a Dabus. Tun 1991 hukumar UNESCO ta sa gandun Abzin da Tenere cikin kayan gado na duniya, tsohon birnin Agadas kuma ya shiga a 2013. Lokacin tafiyar shi ne na ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sai dai tsarin ya sha bamban da na Amurka. Can hanya a shace take da alamomi, mutum na iya bi shi kaɗai. Nan kat-kat, motar nan mai shiga rairayi, ce ke kai ka gindin dutse, raƙumi ko jaki ya ɗauki kaya da ruwa, ga mai dafa abinci, ga jagora a gaba, kwana kuma a kan tabarma cikin ƙorama busasshiya ko a gefen lambun wani.

Tunda waya na nuna hanya, me za a yi da jagora?

Nan ne na fi jan magana. Na'ura za ta nuna maka cewa akwai rijiya a wuri kaza, amma ba za ta gaya maka ta ƙafe tun bara ba, ko yashi ya cike ta. Ba ta san makiyayar wane ne kake ratsawa ba, ba ta jin Tamajak, ba za ta zauna ta sha shayi da mai gari har ya yarda ku sauka ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Dubi madugun azalai, mai jan ayarin raƙuma zuwa Fashi da Bilma ɗauko gishiri da dabino. Kwanaki yake yi cikin rairayi babu itace babu dutse, da taurari da inuwa da yadda iska ta kwantar da yashi yake gane gabas. Itaciyar nan ɗaya tilo ta Tenere da ayari ke yin alama da ita, mota ce ta buge ta a 1973, yanzu gangar jikinta na gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, amma azalai bai daina isa Bilma ba. Jagora na gari kuma shi ne mai iya duban idon baƙo ya gane ƙishirwa ta fara cin sa tun kafin shi baƙon ya sani, ya ce yau a nan za a yada zango ko da an biya shi kuɗin a kai can.

Shi direba fa, me ake nema wurinsa?

Cika alƙawari. In an ce ran Laraba da hantsi a bakin rijiya kaza, to mutanen sun auna ruwansu da garinsu zuwa Laraba ne, ba Alhamis ba. Bayan haka sai tanadi: mai a jarkoki, tayun safaya, shebur, wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya. Masu hankali ba su shiga Tenere da mota ɗaya. Tawa kuwa a kan hanya take, wanda ya taso daga Yamai ta mota nan yake ratsawa, sannan ya bi ta Abalak ya yi kusan kilomita 400 kafin Agadas.

In haka ne, me ya sa ba mu ganin baƙin yanzu?

Tsaro. Tawayen Abzinawa na 2007 zuwa 2009 ya karya kasuwar yawon buɗe ido, sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit cikin Satumbar 2010 ya ƙara danne ta. Ran 9 ga Agustan 2020 kuma aka kashe mutum takwas a dajin raƙuman dawa na Kure, Faransawa shida da direbansu da jagoransu. Yanzu baƙon ƙasar waje ba ya shiga daji sai da izinin hukuma da rakiyar soja. Direbobi da jagorori da yawa na Agadas sun koma jigilar masu zuwa Libiya, wasu sun bi zinaren Jado tun 2014.

Kenan in haƙura?

Ban ce ka sayar da gona ka sayi kat-kat ba. Amma ba Bature kaɗai ke tafiya ba. Duk Satumba jama'a na tururuwa zuwa Ingal bikin lasar gishiri, ƴan Yamai da ma'aikata da ɗalibai, kowa na neman mota da wurin kwana da wanda ya san Azawak. Ƙanen nawa ya ce bana zai bi wani tsohon direba zuwa can a matsayin yaron mota, ya fara koyon rijiyoyin da ke tsakanin Abalak da Ingal.