Yarjejeniyar Darin (1915)

Yarjejeniyar Darin yarjejeniya ce da gwamnatin Birtaniya ta ƙulla da Sarkin Najd, Abdul'aziz ɗan Abdurrahman Al Sa'ud, wanda aka fi sani da Ibn Sa'ud, ranar 26 ga Disamba, 1915, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Ɗaya. An sa mata hannu a garin Darin da ke tsibirin Tarut, daura da Ƙatif a gaɓar Tekun Fasha, abin da ya sa wasu ke kiranta Yarjejeniyar Ƙatif. Percy Cox, Razdan na Birtaniya a yankin Tekun Fasha, shi ya sa hannu a madadin ƙasarsa, sannan wakilin Sarkin Ingila a Indiya ya tabbatar da ita a Simla ranar 18 ga Yuli, 1916. Ita ce takarda ta farko da wata babbar ƙasar Turai ta amince a cikinta cewa gidan Sa'ud na da ƙasa tasa da sarautar gado.

Yadda aka kai ga ƙulla ta

Kafin yaƙin, Birtaniya ba ta da sha'awar tsakiyar yankin Larabawa. Abin da ya dame ta shi ne gaɓar teku da hanyar jiragen ruwanta zuwa Indiya, don haka ta ɗaure sarakunan Bahrain da Kuwait da na gaɓar Oman da yarjejeniyoyin kariya, ta bar hamada ga mai iya riƙe ta. Ibn Sa'ud, wanda ya ƙwato Riyadh a 1902, ya sha neman a shigar da shi cikin wannan tsari, ana juya masa baya don kada a ɓata wa Daular Usmaniyya ta Turkiyya rai. Ko da ya kori sojojin Turkawa daga Al-Hasa a 1913 ya fito bakin teku, Landan ba ta sauya ra'ayi ba, har ta kai shi ga sasantawa da Istanbul a watan Mayu na 1914, inda aka naɗa shi gwamnan Najd a ƙarƙashin tutar Sarkin Musulmi na Turkiyya.

Shigar Turkiyya yaƙi a ɓangaren Jamus ce ta juya al'amarin. A watan Nuwamba na 1914 aka shelanta jihadi a Istanbul, kuma Birtaniya, wadda ke mulkin miliyoyin Musulmi a Indiya da Masar da sauran wurare, ta ji tsoron kada kiran ya samu karɓuwa. Maganin da ta gani shi ne ta raba sarakunan Larabawa da Turkawa ɗaya bayan ɗaya. A wannan watan ta yi wa Shaikh Mubarak na Kuwait alkawarin amincewa da ƙasarsa a matsayin mai cin gashin kanta ƙarƙashin kariyarta. A watan Afrilu na 1915 ta ƙulla yarjejeniya da Sayyid Muhammad al-Idrisi na Asir. Daga Yuli na 1915 kuma wakilinta a Alƙahira, Henry McMahon, ya shiga musayar wasiƙu da Sharif Husaini na Makka. Yarjejeniya da Ƙatar ta zo daga baya, a Nuwamba na 1916.

Wanda aka tura Najd shi ne Kyaftin William Shakespear, tsohon wakilin Birtaniya a Kuwait, wanda ya san Ibn Sa'ud kuma suke ɗasawa. Sun tattauna daftarin farko, amma a watan Janairu na 1915 aka kashe Shakespear a yaƙin Jarrab, inda rundunar Najd ta kara da ta gidan Rashid na Ha'il, abokan Turkawa. Shekarar ta yi wa Ibn Sa'ud tsanani ƙwarai: ƙabilar Ajman ta yi masa tawaye, a faɗan Kanzan aka kashe ƙanensa Sa'ad, shi kansa ya ji rauni. Mutumin da ya zauna da Cox a Darin yana cikin matsin kuɗi da na makamai, kuma wannan ya kamata a riƙa tunawa idan ana duban irin sharuɗɗan da ya yarda da su.

Abin da ta ƙunsa

Sassa bakwai gare ta. A na farko Birtaniya ta amince cewa Najd da Al-Hasa da Ƙatif da Jubail da tashoshin ruwansu ƙasar Ibn Sa'ud ce da kakanninsa, kuma sarauta za ta bi zuriyarsa, sarki mai ci ya zaɓi magajinsa, muddin magajin ba mai adawa da Birtaniya ba ne. A na biyu ta yi alkawarin taimaka masa idan wata ƙasar waje ta kai masa hari. Daga nan sai abin da zai biya. Ba zai yi wasiƙa ko yarjejeniya da wata ƙasar waje ba. Ba zai sayar da wani yanki na ƙasarsa ba, ba zai jinginar ko ya ba da haya ba, ba kuma zai ba baƙi izinin haƙar wani abu ko gudanar da wata harka ba sai da yardar Birtaniya, kuma zai bi shawararta matuƙar ba ta cutar da maslaharsa ba. Zai bar hanyoyin zuwa wurare masu tsarki a buɗe, ya tsare alhazan da ke ratsa ƙasarsa. Ba zai taɓa Kuwait da Bahrain da sarakunan Ƙatar da na gaɓar Oman ba. Sashe na ƙarshe ya ce za a yi wata yarjejeniya mai cikakken bayani nan gaba.

A zahiri wannan takardar kariya ce irin wadda aka saba ba ƙananan sarakunan gaɓar teku, domin wanda aka hana shi magana da kowace ƙasa sai guda ɗaya, 'yancinsa ragagge ne ko da an rubuta kalmar 'yanci a sashe na farko. Sai dai nauyin yarjejeniyar ya fi yawa a abin da ta yi shiru a kansa. Ba ta wajabta wa Ibn Sa'ud yaƙar Turkawa ba, alhali neman hakan ne ya kai Turawan wurinsa tun farko. Ba ta shata iyakokin ƙasar da aka amince masa ba, an ce sai daga baya. Kuma cikin maƙwabtan da aka hana shi taɓawa babu Hijaz, babu Ha'il, babu Asir. An rufe masa ƙofar gabas, aka bar ta arewa da ta yamma a buɗe, kuma ta nan ya bi.

Alkawura masu karo da juna

Yarjejeniyar Darin ta fito ne daga hannun gwamnatin Birtaniya ta Indiya, wadda ke kula da Tekun Fasha da yaƙin Iraƙi, yayin da jami'an Alƙahira suka ɗora fatansu a kan Sharif Husaini. Ofisoshin biyu ba su cika jituwa ba, kuma sakamakon haka ya bayyana a takardu. Ƙasar Larabawa mai faɗi da Husaini ya nema a wasiƙunsa ta haɗa da Najd, wadda aka riga aka amince wa wani. McMahon ya kare kansa da cewa alkawarinsa ba zai shafi yarjejeniyoyin da ke tsakanin Birtaniya da sauran sarakunan Larabawa ba. A Mayu na 1916 kuma Birtaniya da Faransa suka kammala yarjejeniyar sirri ta Sykes da Picot, suka raba Sham da Iraƙi a tsakaninsu. Da Husaini ya ɗaga tutar tawaye a Yuni na 1916, sannan ya kira kansa Sarkin Larabawa a ƙarshen shekarar, Ibn Sa'ud ya ƙi yarda da laƙabin, su ma Birtaniya da ƙawayenta na yaƙi ba su amince masa da komai ba sai sarautar Hijaz.

Don a kwantar masa da hankali, an gayyaci Ibn Sa'ud taron sarakuna a Kuwait a Nuwamba na 1916, aka ba shi lambar girma, aka yanka masa fam 5,000 duk wata tare da bindigogi 3,000. Kuɗin bai kai ko kusa da na Sharif ba, wanda ya fara da fam 125,000 a wata. Shi kuwa bai ɓarnatar da ƙarfinsa a yaƙin Turawa ba. Abin da ya yi bai wuce farmaki a kan gidan Rashid a 1918 ba, bayan zuwan jami'in Birtaniya St John Philby Riyadh yana matsa masa. Ya yi amfani da shekarun wajen zaunar da makiyaya a ƙauyukan Ikhwan, wato ƙungiyar 'yan'uwa mayaƙan addini, waɗanda suka zama ƙashin bayan rundunarsa.

Ƙarshenta

A Mayu na 1919 Ikhwan suka tarwatsa rundunar Abdullahi ɗan Sharif Husaini a Turaba, wato abokin Birtaniya guda ya karya ɗayan, kowannensu na karɓar kuɗinta. Ha'il ta faɗi a 1921. Iyakokin da aka jinkirta a Darin sai a taron Uƙair na ƙarshen 1922 aka shata wani ɓangare nasu, inda Cox ɗin dai ya ja layi tsakanin Najd da Iraƙi da Kuwait, Kuwait ta rasa kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar da take iƙirari. Birtaniya ta tsayar da kuɗin wata-wata a 1924, kuma a shekarar ne mayaƙan Najd suka shiga Ɗa'if da Makka. Madina da Jidda suka miƙa wuya a Disamba na 1925.

Mai riƙe da Makka da Madina, wanda ƙasashe ke da ofisoshin jakadanci a Jiddarsa, ba zai yiwu a ci gaba da hana shi magana da duniya ba. Ranar 20 ga Mayu, 1927, wakilin Birtaniya Gilbert Clayton da Yarima Faisal ɗan Ibn Sa'ud suka sa hannu a Yarjejeniyar Jidda, wadda ta soke ta Darin ta kuma amince da cikakken 'yancin ƙasar, shi kuma Sarki ya yi alkawarin zaman lafiya da Kuwait da Bahrain da Ƙatar da gaɓar Oman. Sokewar ta haɗa da sharaɗin da ya hana shi ba baƙi izinin haƙa sai da yardar Landan, saboda haka a 1933, shekara guda bayan kafa Masarautar Saudiyya, kamfanin Amurka na Standard Oil of California ne ya samu izinin neman man fetur a Al-Hasa, yankin da Darin kanta take cikinsa.